SHARHI: Daga Lagdo zuwa Kandaji, yadda ruwan Najeriya ya ɗauru da na maƙwabtanta

A tsakiyar watan Satumbar 2024 Hukumar Kula da Yanayin Koguna da Madatsun Ruwa ta Najeriya, wato NIHSA, ta sanar da cewa hukumomin Kamaru za su fara sakin ruwa daga madatsar Lagdo a ranar 17 ga watan. Sanarwar ta bayyana cewa za a fara da kubik mita 100 a kowace daƙiƙa, a riƙa ƙarawa sannu a hankali har zuwa kubik mita 1,000 cikin mako guda, ta kuma ja kunnen jihohi 11 da ke bin hanyar Kogin Binuwai da ƙasan Kogin Neja, daga Adamawa da Taraba har zuwa Bayelsa da Ribas. Labarin ya zo ne mako ɗaya kacal bayan ɓallewar madatsar Alau, wadda ta mamaye babban ɓangare na birnin Maiduguri, don haka jama'a suka karɓe shi da fargaba.

Sai dai ita kanta sanarwar tana ɗauke da wani abu da bai samu kulawa sosai ba a lokacin. Ƙasa ta sanar da maƙwabciyarta ranar da za ta buɗe ƙofofin madatsarta, da adadin ruwan da za ta saki, da yadda za ta ƙara shi daki-daki. Wannan ɗan bayani, wanda bai wuce shafi guda ba, shi ne ainihin abin da ake nufi idan ana maganar haɗin gwiwar ƙasashe kan ruwa. Inda aka samu irinsa a kan kari, manomin fadama a Numan ko masunci a Ibi na iya kwashe iyalinsa da kayansa; inda aka rasa shi kuwa, ruwa ne ke kai masa labari cikin dare.

Najeriya a ƙarshen kogi

Taswira kaɗai ta isa ta nuna dalilin da ya sa wannan batu ya shafi Najeriya fiye da yawancin maƙwabtanta. Kogin Neja, wanda Hausawa ke kira Kwara, ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Jamhuriyar Nijar, ya shafi iyakar Benin, kafin ya shigo Najeriya ta jihar Kebbi, bayan ya cinye mafi yawan tsawonsa na kimanin kilomita 4,200. Binuwai kuma ya fito ne daga tsaunukan Adamawa na ɓangaren Kamaru, ya bi ta Garwa, ya shigo ta wajen Yola, ya haɗu da Neja a Lakwaja. A arewa maso gabas, kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke zuba wa Tafkin Chadi na zuwa ne ta kogunan Shari da Logon, waɗanda tushensu ke Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Kamaru.

Ma'anar wannan ita ce Najeriya na zaune a ƙarshen manyan kogunan da take dogaro da su. Duk madatsar da aka gina a sama, duk gonar rani da aka buɗe a Mali, duk ruwan da aka riƙe ko aka saki a Kamaru, sakamakonsa na iskowa har Kainji da Jebba da Makurdi da yankin Neja Delta. A wasu wurare kuma lamarin ya juya: Najeriya ce a sama, Nijar a ƙasa, kamar a Gulbin Maraɗi da Kogin Yobe. Ƙasar tana da haƙƙin da take nema a wurin wasu, tana kuma da haƙƙin wasu a wuyanta.

Yarjejeniyoyi sun daɗe a rubuce

Shugabannin farko na yankin sun gane wannan tun da wuri. A ranar 22 ga Mayun 1964, Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa da shugabannin Kamaru da Chadi da Nijar, wato Ahmadou Ahidjo da François Tombalbaye da Diori Hamani, suka kafa Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi a birnin Fort Lamy, wanda yanzu ake kira Injamena. Daga baya Afirka ta Tsakiya ta shiga, Libiya ma ta biyo a 2008. A wannan shekara ta 1964 ne kuma aka kafa hukumar Kogin Neja, wadda a 1980 aka sake wa fasali a garin Faranah na Gini ta zama Hukumar Raya Kogin Neja mai mambobi tara da hedikwata a Yamai.

Hukumomin biyu sun samar da kundin dokokin ruwa: na Kogin Neja a 2008, na Tafkin Chadi a 2012. Dukansu sun ginu ne kan ƙa'idoji da duniya ta amince da su. Kowace ƙasa na da damar amfani da ruwan cikin adalci da hankali. Kada wata ta yi abin da zai jawo wa maƙwabciyarta babbar illa. Kafin a fara babban aiki a kan kogi, wajibi ne a sanar da sauran ƙasashe, a ba su bayanai, a saurari ra'ayinsu. A matakin duniya kuma, Najeriya ta shiga Yarjejeniyar Ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1992 a watan Maris na 2023, lokacin babban taron ruwa na birnin New York. Chadi ce ƙasar Afirka ta farko da ta shiga wannan yarjejeniya a 2018, Kamaru kuma ta shiga a 2022.

Ke nan yankin ba ya ƙarancin takardu. Abin dubawa shi ne yadda waɗannan takardu ke aiki a ranar da ruwa ya yi yawa ko ya yi kaɗan, kuma misalai uku sun isa su nuna inda aka dace da inda aka gaza.

Lagdo da madatsar da ba a gina ba

An gina madatsar Lagdo tsakanin 1977 da 1982 a kan Binuwai, kudu da Garwa, domin samar wa arewacin Kamaru lantarki mai ƙarfin megawat 72 da kuma ruwan noman rani. Tun a wancan lokaci aka tsara cewa Najeriya za ta gina tata madatsar a Dasin Hausa, cikin ƙaramar hukumar Fufore ta jihar Adamawa, wadda za ta tare rarar ruwan, ta samar da lantarki, ta kuma shayar da gonaki. Fiye da shekara 40 ke nan, aikin bai wuce zane da nazari ba.

A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 ta kuma raba fiye da miliyan biyu da muhallansu, kamar yadda alƙaluman Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa suka nuna, an kuma ƙiyasta asarar a kan naira tiriliyan 2.6. Bayan shekara goma, ambaliyar 2022 ta hallaka fiye da mutum 600, ta kori fiye da miliyan ɗaya daga gidajensu, ta datse babbar hanyar Abuja zuwa Lakwaja na kwanaki. A duka shekarun biyu sunan Lagdo ne ya fi yawo a bakin jama'a.

Masana ruwa ba su ɗora laifin duka a kan Lagdo ba, kuma ministan albarkatun ruwa na lokacin, Injiniya Suleiman Adamu, ya bayyana a 2022 cewa gudummawar madatsar a ambaliyar ƙarama ce idan aka kwatanta da ruwan saman da aka tafka a cikin Najeriya. Yanayin kogin ya goyi bayan wani ɓangare na wannan magana. Kogunan Mayo Kebbi da Faro suna shiga Binuwai ne a ƙasan Lagdo, don haka madatsar ba ta da iko a kansu. A cikin Najeriya kuma Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala duk suna zuba nasu, kuma mafi yawan wannan ruwa ba abin da ke tare shi. Haɗarin Lagdo yana cikin lokacin da ake sakin ruwan: idan aka buɗe ƙofofi a makon da waɗannan koguna suka cika maƙil, ƙarin ko da kaɗan ne yana iya zama abin da zai tsallake gaɓa.

Daga nan ne darasin ya fito. Madatsar Dasin Hausa, ko da an gina ta, ba za ta kare Makurdi da Lakwaja daga ruwan kogunan da ke shiga Binuwai a ƙasanta ba, ko da yake za ta sauƙaƙa wa Adamawa ta kuma rage ƙarfin ambaliyar farko. Abin da ke ceton rayuka da arha, kuma nan take, shi ne musayar bayanai: Kamaru ta riƙa nuna matakin ruwan madatsarta kullum tun daga watan Yuli, ta fara rage shi da wuri a shekarar da hasashe ya nuna damina mai ƙarfi, Najeriya kuma ta haɗa wannan da ma'aunin kogunanta ta fitar da gargaɗi. Fahimtar da ƙasashen biyu suka cimma bayan ambaliyar 2012, cewa za a riƙa ba da sanarwa kafin sakin ruwa, ita ce ta haifar da irin sanarwar 2024. Akwai kuma misalin madatsar Kashimbila a jihar Taraba, wadda aka gina musamman saboda fargabar ɓallewar Tafkin Nyos na Kamaru, abin da ke nuna cewa idan aka ɗauki haɗarin ƙetare da muhimmanci, ana iya kammala aiki.

Kandaji, Kainji da siyasar lantarki

A kan Kogin Neja matsalar ta fi karkata ga ƙarancin ruwa. A watan Yunin 1985, a ƙarshen fari mai tsanani, kogin ya daina gudana a Yamai. Nijar ta daɗe da ƙudirin mallakar madatsar da za ta tabbatar mata da ruwa a rani. Wannan ita ce Kandaji, a jihar Tilaberi, kimanin kilomita 180 a saman Yamai, wadda aka tsara za ta samar da megawat 130, ta shayar da hekta 45,000, ta kuma tabbatar da cewa ruwan da ke wucewa ta babban birnin bai gaza kubik mita 120 a daƙiƙa ba ko da a tsakiyar bazara. Kamfanin Gezhouba na China ya kama aikin a 2019, aikin ya tsaya bayan juyin mulkin Yulin 2023 sakamakon dakatar da kuɗaɗen masu ba da lamuni.

Don gane damuwar Najeriya, sai an san yadda kogin ke kawo ruwansa. Kainji, wadda aka kammala a 1968, da Jebba da ke ƙasanta, suna samun cika sau biyu a shekara. Na farko ruwan damina ne na kusa, mai laka, da ke zuwa daga Agusta zuwa Oktoba. Na biyu ruwan da aka yi a Gini ne, wanda ke bazuwa a faffaɗar fadamar tsakiyar Mali, ya yi watanni yana tafiya a hankali, ya tace, sannan ya iso Najeriya da sanyin hunturu. Wannan ruwa na biyu ne ke riƙe injinan lantarki a lokacin rani, kuma shi ne duk wata madatsa ta sama za ta taɓa, ko Kandaji ce, ko Tausa da Mali ke son ginawa, ko Fomi ta Gini. Kowace madatsa na rasa ruwa ta hanyar tururi a zafin Sahel, kowace hekta ta noman rani kuma tana shan nata.

Shekaru da dama Najeriya na sayar wa Nijar lantarki, har ya kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, kuma jami'ai a Najeriya sun sha danganta wannan ciniki da buƙatar kada a datse kogin a sama. A watan Agustan 2023 aka yanke wutar a matsayin wani ɓangare na takunkumin ƙungiyar ECOWAS, aka maido da ita bayan ɗage takunkumin a farkon 2024. Ko mene ne hukuncin tarihi kan wannan mataki, ya ƙarfafa hujjar masu cewa Nijar ba za ta sake jingina haskenta ga wata ƙasa ba. A Janairun 2025 kuma Mali da Burkina Faso da Nijar suka kammala ficewa daga ECOWAS. Ƙasashen uku duk suna saman Najeriya a tsarin kogin, kuma Hukumar Raya Kogin Neja na cikin 'yan zaurukan da suka rage inda injiniyoyinsu ke zama teburi ɗaya da na Najeriya.

Kandaji ba lallai ta zama asara ga Najeriya ba. Madatsar da ke sakin ruwa daidai gwargwado a rani tana iya amfanar manoman shinkafa na Kebbi, tana iya kuma daidaita abin da ke shiga Kainji. Sharaɗin shi ne a amince tun yanzu kan jadawalin cika ta da na sakin ruwanta, a rubuce, tare da ma'aunai da ɓangarorin biyu za su iya dubawa. Rikicin Masar da Sudan da Habasha kan babbar madatsar Kogin Nilu, wadda aka ƙaddamar a Satumbar 2025 ba tare da an cimma yarjejeniya kan tafiyar da ita ba, ya nuna abin da ke faruwa idan aka bar wannan magana sai bango ya tashi.

Inda Najeriya ce a sama

Adalcin da Najeriya ke nema a Yamai da Yawunde, ana nemansa a wurinta a Maraɗi da Difa. A 1990 ƙasashen biyu suka sanya hannu kan Yarjejeniyar Maiduguri, ƙarƙashin hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971, domin raba amfanin koguna huɗu da suka haɗa su: Maggiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, sai kuma ƙasan Kogin Yobe. Mutanen da ke gaɓar waɗannan koguna dangin juna ne, harshensu ɗaya, kasuwanninsu ɗaya.

Madatsar Jibiya a jihar Katsina tana kan kogin Gada ne, wanda idan ya tsallaka iyaka yake zama Gulbin Maraɗi, kuma manoman fadamar can sun daɗe suna kokawa kan raguwar ruwan da ke isa gare su. A tsarin Haɗeja da Jama'are da Yobe kuma, madatsun Tiga ta 1974 da Challawa ta 1992 sun canja yadda kogin ke gudana. Maimakon ya cika da damina ya janye da rani, sai ruwa ya riƙa kwanciya duk shekara a wasu sassa, abin da ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru. Sakamakon haka wasu ƙauyuka na fama da ambaliya, yayin da na ƙasa, wajen Gashuwa da Gaidam da kuma jihar Difa, ke jiran ruwan da bai iso yadda ya saba ba. Gwamnonin jihohi shida da kogin ya shafa sun kafa asusun kula da shi a taron Damaturu na 2006, amma aikin share kacala da daidaita sakin ruwa na buƙatar kuɗi a kowace shekara. Ƙasar da ta kiyaye alƙawarinta a ƙananan koguna ta fi samun bakin magana a kan manya.

Tafkin Chadi: babban mafarki da abin da tauraron ɗan'adam ya gani

A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da 1980 ya raba shi gida biyu, kwarin arewa da na kudu, ya kuma rage buɗaɗɗen ruwansa zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. Babban aikin noman rani na kudancin tafkin a Borno, wanda aka tsara wa hekta 67,000, ya tsaya cik domin ruwan ya janye ya bar bakin magudanarsa a busasshiyar ƙasa. Janyewar ruwan ta kuma taɓa iyakoki. Sojojin Najeriya da na Chadi sun gwabza a 1983 kan tsibiran da suka ɓullo, masuntan Najeriya kuma suka bi ruwa har yankin Darak, wanda Kotun Duniya ta tabbatar wa Kamaru a hukuncinta na Oktoban 2002.

Maganin da aka fi yayatawa shi ne janyo ruwa daga yankin Kogin Kwango. Shirin Transaqua, wanda kamfanin Bonifica na Italiya ya zana tun wajen 1980, ya tanadi magudana mai tsawon kilomita 2,400 da za ta kwaso ruwan rassan Kwango ta zuba a Shari, a kan kuɗin da aka ƙiyasta ya kai dala biliyan 50. Taron ƙasa da ƙasa da aka yi a Abuja a Fabrairun 2018 ya goyi bayan shirin, Italiya ta yi alƙawarin Yuro miliyan 1.5 don nazarin yiwuwarsa. Amma ruwan da ake magana a kai na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ne, ƙasar da ba mamba ba ce a hukumar tafkin, kuma 'yan majalisarta da masananta sun fito fili sun yi adawa. Ƙa'idar neman yardar maƙwabci, wadda ke kare Najeriya a kan Kogin Neja, ita ce ke kare Kwango a nan.

A daidai wannan lokaci fasaha ta kawo bayanin da ya sauya muhawarar. Binciken da aka wallafa a 2020, wanda ya haɗa hotunan tauraron ɗan'adam da ma'aunin tsayin ruwa daga sararin samaniya, ya nuna cewa tafkin bai ci gaba da ƙanƙancewa ba a shekaru 20 da suka gabace shi. Kwarin kudu ya daidaita, ruwan ƙarƙashin ƙasa na ƙaruwa, kuma wani babban ɓangare na ruwan yana ɓoye ne ƙarƙashin ciyayi inda hoto na yau da kullum ba ya ganinsa. Manyan ambaliyoyin 2022 da 2024 a Chadi da arewacin Kamaru da Borno sun ƙara tabbatar da cewa matsalar yau ta haɗa da rashin tabbas: manomi da makiyayi da masunci ba su san inda bakin ruwa zai tsaya a shekara mai zuwa ba, ga kuma rikicin Boko Haram da ya hana su bin ruwan kamar yadda kakanninsu suka saba. Idan haka ne, hasashen cikar tafkin a kowace shekara, da yashe hanyoyin jiragen ruwa, da tsarin raba filayen da ruwa ya janye daga kansu, za su amfani talaka tun kafin a haƙa taku ɗaya na magudanar Kwango.

Abin da fasaha ke iyawa da inda ta tsaya

Kayan aikin da ake da su yau sun wuce abin da waɗanda suka kafa hukumomin a 1964 za su yi tsammani. Taurarin GRACE, da aka harba a 2002 aka kuma sabunta a 2018, suna auna ƙaruwa ko raguwar ruwan da ke cikin ƙasa ta hanyar lura da canjin nauyinta. Tauraron SWOT na Amurka da Faransa, wanda aka harba a Disambar 2022, yana auna tsayin ruwan koguna da tafkuna. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tana tara masana na yankin kowace shekara su fitar da hasashen damina da na cikar koguna, NIHSA kuma tana fitar da hasashen ambaliya na shekara tun 2013. Amfanin siyasa na waɗannan na'urori yana da girma: hoton tauraro ba ya neman biza, kuma ƙasar da ke ƙasan kogi na iya ganin yadda madatsar maƙwabciyarta ke cika ko da ba a gaya mata ba. Hakan na rage zargi, yana kuma rage amfanin ɓoye bayani.

Duk da haka tauraro ba ya maye gurbin ma'aunin da aka kafa a bakin kogi. Sai an gwada abin da ya gani da abin da aka auna a ƙasa kafin a amince da lissafinsa, kuma tashoshin awo da dama a Sahel sun lalace, ko an sace allunan hasken rana da ke ba su wuta, ko rashin tsaro ya hana ma'aikata zuwa wurinsu. Yawancinsu da kuɗin masu ba da tallafi aka kafa su, da wa'adin shirin ya ƙare sai kulawa ta ƙare. Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Hukumar da mambobinta ba sa biyan kuɗin gudummawa a kan lokaci ba za ta iya riƙe ma'aikata da na'urorin da tallafin waje ya kawo ba. Akwai kuma tazarar da ke tsakanin ofis da ƙauye. Gargaɗin da ya tsaya a shafin intanet da Turanci bai isa ga matar da ke shanya shinkafa a bakin Binuwai ba. Sai ya bi ta rediyo da Hausa da Fulatanci da Kanuri da Tibi da Nufanci, ta hannun masu unguwanni da limamai da shugabannin masunta, tare da bayanin tudun da za a koma da abin da za a ci a can.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa shi ne fagen da aka fi sakaci da shi. Tafkin ƙarƙashin ƙasa na Iullemeden, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 500,000, ya shimfiɗu a ƙarƙashin Mali da Nijar da arewa maso yammacin Najeriya, inda ya haɗa da yankin Sakkwato da Kebbi. Yaɗuwar famfunan burtsatse masu aiki da hasken rana alheri ne ga manoman rani, amma tun da rana ba ta karɓar kuɗin mai, babu abin da ke tilasta wa mai famfo ya kashe shi. Binciken da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta gudanar da ƙasashen Sahel, ta hanyar gano shekarun ruwa daga sinadaransa, ya nuna cewa wani ɓangare na ruwan zurfi ya taru ne tun dubban shekaru, kuma damina ba ta mayar da shi da saurin da ake zuƙarsa. Rijistar rijiyoyin burtsatse da auna zurfin ruwa a ɓangarorin iyaka biyu aiki ne mai arha yau, mai tsada idan aka jinkirta.

Darasi daga Kogin Senegal

Ba sai an je Turai ba kafin a ga inda irin wannan haɗin gwiwa ya yi aiki. A 1972 Mali da Muritaniya da Senegal suka kafa hukumar raya Kogin Senegal, Gini ta shiga a 2006. Madatsun Diama da Manantali da suka gina a shekarun 1980 mallakarsu ce tare, sun raba bashin ginin bisa lissafin amfanin da kowace za ta samu, suna kuma raba lantarkin Manantali bisa kason da aka amince. Ko a lokacin rikicin Senegal da Muritaniya na 1989, da hulɗar jakadanci ta yanke, hukumar ba ta rushe ba. Tsarin bai rasa aibu ba, domin madatsun sun cutar da noman fadama na gargajiya sun kuma yaɗa cutar tsargiya a wasu yankuna. Amma ya nuna cewa ƙasashe sun fi saurin amincewa idan abin da ake rabawa amfanin ruwan ne, wato lantarki da abinci da sufuri, maimakon a tsaya ana jayayya kan yawan kubik mita.

Abin da ya rage a yi

Matakan da ke gaban Najeriya a bayyane suke. Fahimtar da ke tsakaninta da Kamaru kan Lagdo na buƙatar zama cikakkiyar yarjejeniya mai ɗauke da musayar alƙaluma ta kullum da tsarin rage ruwa kafin tsakiyar damina. Maganar tafiyar da Kandaji ya kamata a kammala ta a zauren Hukumar Raya Kogin Neja tun madatsar ba ta fara cika ba, a kuma ware ta daga saɓanin siyasa da ke tsakanin ECOWAS da ƙasashen Sahel uku. Yarjejeniyar Maiduguri na buƙatar a farfaɗo da kwamitocinta, a sa manoman Jibiya da Maraɗi da Gashuwa da Difa a ciki. Kuɗin kula da tashoshin awo kuma ya kamata ya samu gurbi na dindindin a kasafin ƙasa.

Akwai kuma aikin cikin gida. Ƙudirin dokar albarkatun ruwa na ƙasa ya sha zuwa gaban Majalisar Tarayya yana faɗuwa, saboda fargabar da wasu jihohi da ƙungiyoyi suka nuna cewa zai miƙa wa gwamnatin tarayya iko da filayen bakin koguna. Har sai an warware wannan ta hanyar tattaunawa da jihohi, ƙasar za ta ci gaba da zuwa teburin maƙwabta alhali hukumominta na raya koguna 12 da ma'aikatun jihohi ba su da tsari guda na raba bayanai a tsakaninsu.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara babban taronta na ruwa na gaba a Disambar 2026 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, tare da Senegal a matsayin abokiyar karɓar baƙi. Najeriya za ta halarta a matsayin mamba a yarjejeniyoyin ruwa na duniya, kuma mai biyan kaso mafi tsoka a kasafin hukumar Tafkin Chadi. Abin da mazauna Numan da Lakwaja da Baga za su auna wakilansu da shi shi ne yawan kwanakin gargaɗin da za su samu kafin ruwa ya iso a daminar da ke tafe, da kuma ko za a samu ruwan ban-ruwa a fadamunsu idan rani ya tsananta.